Sai an gwada akan san na ƙwarai: yadda ake saita na'urorin kama ɓurɓushin zarra

Ranar Alhamis a Kasuwar Dole, idan ka tsaya wajen masu hatsi, za ka ga abin da dattijuwar da ta san kasuwa take yi kafin a soma awo. Takan karɓi tiyar daga hannun mai gero, ta kifa ta, ta shafa gindinta da yatsa ta ji ko an buga shi ya lotsa ciki. Wata ma da tata tiyar take tahowa daga gida. Mai hatsin kirki ba ya jin haushi, cewa yake yi, "Duba da kyau, Inna." Ita kuma ta ce, "Ai ka sani, ɗana, ma'auni ake fara aunawa."

Ina koyar da fizik a nan Damagaram, kuma maganar nan ta Inna ita nake tunawa duk shekara idan muka iso darasin ƙwayar zarra. Ba a rasa ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, abin da ido ba ya gani, wa ya auna shi?" Tambayar tana da nauyi. A ranar 4 ga Yuli 2012, ƙungiyoyi biyu na masana, ATLAS da CMS, sun sanar a cibiyar CERN da ke kusa da Jeneba cewa sun gano sabon ɓurɓushi, wanda ake kira Higgs, mai nauyin kusan GeV 125. GeV shi ne ma'aunin kuzari da nauyi a wannan fanni, kuma furoton ɗaya, wato ɓurɓushin da ke cikin tsakiyar ƙwayar zarra, ya kusa cika GeV ɗaya, saboda haka Higgs ya yi nauyin furoton fiye da 130. Amma babu wanda ya taɓa ganinsa. Yana ɓarewa tun bai bar wurin da aka haife shi ba. Abin da ya shigo kwamfuta lambobi ne zalla: waya ta kaza ta ba da 412, maƙwabciyarta ta ba da 37. Aikin da ke mayar da 412 ya zama kuzarin da za a iya dogara da shi, shi ake kira saiti, kuma shi ne ya fi cin shekarun masu wannan sana'a.

Bari mu fara da siffar na'urar. A ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan, zurfin wajen mita 100, akwai rami mai zagayen kilomita 27. Cikinsa ake koro furoton ta fuskoki biyu, a sa su yi karo a wurare huɗu. Biyu daga cikin wuraren karon na ATLAS da CMS ne, kowanne an kewaye shi da na'ura mai ɓawo kan ɓawo kamar albasa. Na'urar CMS tana da tsawon mita 21 da kaurin mita 15, nauyinta tan 14,000. Ɓawon ciki fallayen silikon ne da ke ɗaukar sawun duk ɓurɓushi mai cajin lantarki. Maganaɗisu yana lanƙwasa hanyar ɓurɓushin, kuma daga lanƙwasar ake gane ƙarfin gudunsa: mai ƙarfi ba ya lanƙwasuwa sosai. Bayan silikon sai ɓawon da ke tsayar da ɓurɓushi ya shanye kuzarinsa, ya mayar da shi haske ko lantarki. Can waje kuma sai ɗakunan kama muwon, wani ɓurɓushi da yake ratsa komai ya wuce. Idan aka haɗa kafofin da ke ba da lamba, sun kai miliyoyi da yawa, kuma kowace kafa tiya ce mai zaman kanta, da nata lotsawar.

Abu na farko da ake nema shi ne sifiri. Mahauci kafin ya ɗora nama yakan duba ko allurar sikeli tana zaune a kan sifiri. Nan ma haka, sai dai kafar lantarki ba ta yin shiru ko da babu abin da ya taɓa ta. Tana da ɗan gunaguni nata na kullum. Sai a kunna na'urar babu karo, a ɗauki karatun kowace kafa sau dubbai, a san inda take zama da iyakar rawar da take yi. A nan ake gano matattun kafofi da masu surutu, waɗanda suke ihu babu dalili. Matacciya da sauƙi, an san ba ta magana. Mai surutu ta fi haɗari, domin tana iya sa a ɗauka wani abu ya wuce alhali babu. Ana rubuta sunayensu duka a rumbun bayanai, a toshe bakin wadda ta ƙi gyaruwa.

Daga nan sai a kawo dutsen kilo, wato abin da aka riga aka san girmansa. Akan tura cajin lantarki sananne cikin wayoyin a ga lambar da za ta fito. Akan harba hasken leza. A ATLAS akwai dabarar da take burge ni ƙwarai: sun shimfiɗa siraran bututun ƙarfe cikin jikin wani ɓawo na na'urar, suna tura ɗan ƙwanso mai ɗauke da siziyom-137 da ƙarfin ruwa, ya bi ɗaki-ɗaki yana haska kowane fale. Siziyom-137 yana fitar da haske mai kuzarin keV 662 (keV kashi ɗaya ne cikin miliyan na GeV), a Jeneba ko a Arlit duk ɗaya ne, kuma ƙarfinsa ba ya raguwa da rabi sai bayan wajen shekara 30. Falen da ya amsa da ƙaramar murya fiye da ƴan'uwansa, an san shi ne ya gaza. Haka kuma tun ran gini tun ran zane: kafin a saukar da sassan cikin rami, akan ɗauki wasu daga ciki a kai su gaban bindigar ilektaron da aka san kuzarinta, a harbe su, a rubuta amsar da suka bayar.

Akwai abin da duk waɗannan ba za su faɗa maka ba, wato inda kowane fale yake zaune. Maginin da ya fi kowa ƙwarewa ba zai iya dasa fallayen silikon fiye da 16,000 daidai da zane har zuwa kaurin gashi ba, ga shi kuma ana bukatar sanin mazauninsu fiye da haka, zuwa ƴan mikiron kaɗan. Mikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Idan fale ɗaya ya goce kaɗan kuma ba a sani ba, miƙaƙƙen sawu zai zama kamar lanƙwasasshe, sai a ba ɓurɓushin ƙarfin da ba nasa ba. Ƙari a kan haka, maganaɗisun CMS yana da ƙarfin tesla 3.8, wajen sau dubu ɗari na ƙarfin maganaɗisun duniya, kuma idan aka kunna shi manyan fayafayan ƙarfen da ke rufe bakin na'urar sukan lotsa ciki da fiye da santimita ɗaya. Awon da aka yi yana kashe ba zai yi aiki ba idan yana kunne.

Maganin wannan daga sama yake saukowa, kuma kyauta ne. Tun 1912 Victor Hess ya hau balan-balan ya nuna cewa akwai ɓurɓushi da ke zuwa daga sararin samaniya. Idan suka bugi iskar sama, can wajen kilomita 15, sukan haifi muwon, wanda Carl Anderson da Seth Neddermeyer suka gano a 1936. Muwon ɗan'uwan ilektaron ne, amma ya fi shi nauyi sau 207. A doron ƙasa, kowane fili na santimita ɗaya tsawo da faɗi muwon ɗaya yana ratsa shi a cikin kusan minti ɗaya. Yanzu haka suna ratsa rufin gidajen Birni da Zango, suna ratsa tafin hannunka kusan ɗaya a kowane sakan. Masu ƙarfi daga cikinsu suna huda mita 100 na ƙasa su iske na'urar. Muwon mai ƙarfi yana bin hanya santala, saboda haka ya zama igiyar magini: idan ya ratsa fale ashirin, goma sha tara suka jeru a layi, ɗaya ya kauce, kuma kullum shi ne yake kaucewa ta gefe guda, to falen ne ba ya inda ake zato. Ba a shiga a tura shi. Taswirar da ke cikin kwamfuta ake gyarawa ta dace da gaskiyar inda yake.

A nan tarihi ya yi abin da ba a shirya ba. An fara zagaya furoton cikin ramin ranar 10 ga Satumba 2008. Bayan kwana tara, wani haɗin lantarki tsakanin maganaɗisu biyu ya ƙone, iskar hiliyom ta ɓalle, ɓarna ta yi yawa, injin bai sake tashi ba sai Nuwamba 2009. Masu na'urorin ba su naɗe hannu ba. A Oktoba da Nuwamba 2008 kaɗai CMS ta ɗauki sawun muwon na sama fiye da miliyan 200 da maganaɗisunta a kunne. Da su aka daidaita mazaunin fallaye, da su kuma aka gano cewa taswirar ƙarfin maganaɗisu a cikin ƙarfen waje ba ta yi daidai ba, aka gyara. A ganina, saurin da aka yi wajen fitar da sakamako bayan karon farko mai kuzarin TeV 7, wato GeV 7,000, ranar 30 ga Maris 2010, wannan shekarar jiran tana da babban kaso a ciki. Sai dai muwon na sama yana da iyakarsa. Daga bisa yake zuwa, don haka sassan da suke tsaye a bakuna biyu na na'urar ba sa samun rabo sosai, sai an jira karo na ainihi kafin a gama da su.

Sai batun lokaci, wanda ɗalibaina suka fi shan wahalar yarda da shi. Tarin furoton suna haɗuwa kowane nanosakan 25, wato sau miliyan 40 a sakan ɗaya. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan, miliyar a bakinmu na nan, kuma a cikinsa haske santimita 30 kawai yake ci. Ke nan a nanosakan 25 ɓurɓushi mita bakwai da rabi ya yi, bai ma fita daga na'urar ba wani karon ya auku. Idan wayar wani sashe ta fi ta wani tsawo da ƴan mitoci kuma ba a lissafa ba, za a ɗauki kan wannan karo a haɗa da ƙafar wancan. Don a daidaita agogon kafofi, akan harba tarin furoton da gangan kan wani shingen ƙarfe da ke nesa kaɗan da na'urar, ɓurɓushi su fantsamo su mamaye ta a lokaci guda, a ga wace kafa ta riga, wace ta makara.

Wani zai ce, me ya sa ba za a ɗauki bayanan tukuna ba, a yi gyaran daga baya? Ana yin gyaran baya, sosai ma. Amma cikin karo miliyan 40 na kowane sakan, wajen dubu ɗaya ake iya adanawa a shekarun baya. Akwai mai tsaron ƙofa na lantarki da ke yanke hukunci nan take: wannan a ajiye, wannan a zubar. Hukuncinsa ya dogara da lambobin da aka saita masa. Abin da ya zubar ya tafi ke nan har abada. Idan tiyarsa ta lotsa, zai riƙa zubar da abin da aka gina injin domin nemansa, kuma babu wanda zai sani.

Da aka fara karo, ba a ruga neman sabon abu ba. An koma neman tsofaffi. Ɓurɓushin J/psi, wanda aka gano a 1974, nauyinsa GeV 3.1 ne. Na Z kuma GeV 91.19. Duka biyun suna ɓarewa zuwa muwon biyu ko ilektaron biyu, waɗanda na'urar take gani sarai. Idan ta auna Z ta ce 91.19, an yarda da ita. Idan gefen dama ya ce 92, na hagu ya ce 90, an san inda za a sa hannu. Abin da aka ba wasu lambar Nobel saboda gano shi a jiya, yau shi ne dutsen kilon masu aiki.

Ta yaya aka san nauyin Z ɗin kansa har ya zama abin dogaro? Injin da ya riga wannan zama a ramin, LEP, wanda ya yi aiki daga 1989 zuwa 2000, shi ya auna shi da kuskure na kusan kashi biyu cikin dubu ɗari. Labarin yadda aka kai ga haka yana daga cikin waɗanda na fi so a kimiyya. Masu awon kuzarin injin sun ga yana hawa yana sauka kaɗan-kaɗan, kuma ruwa ba ya tsami banza. Da aka bi diddigi, sai aka ga watan sama ne. Jan da wata yake yi wa duniya ba teku kaɗai yake motsawa ba, har da ƙasa, kuma yana sauya zagayen ramin na kilomita 27 da wajen milimita ɗaya. Aka sa wata cikin lissafi. Aka ga yawan ruwan tabkin Jeneba shi ma yana da tasiri, aka sa shi. Sauran wata rawa da ke zuwa a wasu sa'o'i na yini ta lafa da tsakar dare, ita kuma jiragen ƙasa masu lantarki ne da ke wucewa kusa: wutar da ke zurarewa daga dogonsu tana bin ƙasa ta shiga bututun injin. Mutanen nan sun zauna shekaru suna bin sawun milimita ɗaya, kuma a kan haƙurinsu aka dasa duk awon da ya biyo baya.

Saiti kuma ba ya ƙarewa. Ɓawon CMS da ke auna haske an yi shi da sandunan kiristal 75,848 na dalma da tangistan, kowace tsawonta kusan taƙi ɗaya, garau kamar gilashi amma ta fi baƙin ƙarfe nauyi. Hasken da sandar take bayarwa yana raguwa da kusan kashi 2 cikin ɗari idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, shi ya sa ake riƙe su a digiri 18 ba tare da barin su motsa da ko kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Ga shi kuma ruwan ɓurɓushin da ke dukansu yana dusashe su yayin aiki, su ɗan warware idan an huta. Don haka ake harba musu leza a kai a kai ana cikin aiki, a bi yadda kowace take dusashewa. Dalilin wannan wahala shi ne, cikin Higgs dubu, wajen biyu ne suke ɓarewa zuwa ɗigon haske biyu, kuma suna ɓoye cikin tarin wasu ɗigon haske da ba su da alaƙa da shi. Kamar tafin gero ne a kan rairayi. Idan an zuba shi wuri ɗaya, za ka ga ɗan tudu. Idan kowace sanda tana ƙarya da kashi kaɗan, geron ya watsu, tudun ya baje, sai a ce babu komai alhali yana nan.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen, a ga abin da babu. A Satumba 2011 ƙungiyar OPERA ta sanar da cewa nutirino, wasu ɓurɓushi marasa cajin lantarki, da aka harbo daga CERN zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, kusan nisan Damagaram da Yamai a miƙe ba ta hanyar mota ba, sun iso nanosakan 60 kafin lokacin da haske zai iso. Da ya tabbata, da ƙa'idar Einstein, mai cewa babu abin da ya fi haske gudu, ta girgiza. Nanosakan 60 tazarar mita 18 ce cikin kilomita 730. Sun auna nisan da kyau ƙwarai. A Fabrairu 2012 suka gano cewa zaren gilashin da ke kawo saƙon lokaci daga GPS zuwa babban agogonsu ba a ɗaure shi da kyau ba, kuma agogon kansa yana da ɗan gudu. Da aka gyara, nutirino suka koma bin doka. Ban ga dalilin raina su ba. Su suka nemi duniya ta binciki aikinsu, su kuma suka fito da laifin da bakinsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda laifin ya ɓuya: a bakin waya, wurin da kowa yake ɗauka an riga an duba.

Akwai ma'auni guda da ba a iya harba masa leza, wato zuciyar mai awo. Wanda yake son ya ga tudu a 125 zai iya riƙa gyara saiti, ba da niyyar ha'inci ba, har tudun ya fito. Saboda haka manyan ƙungiyoyi sukan rufe yankin da ake sa ran ganin sabon abu, su gama saiti da duk ƙa'idojin tacewa a kan sauran bayanai, su sa hannu cewa ba za a sake taɓawa ba, sannan a buɗe. Ko da hakan, saɓani yana faruwa. A 2022 ƙungiyar CDF ta Amurka ta auna nauyin ɓurɓushin W ta samu kusan MeV 80,433 (MeV kashi ɗaya ne cikin dubu na GeV), a 2024 CMS ta samu kusan 80,360, kuma kowacce ta ce kuskurenta bai wuce wajen MeV 10 ba. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, amma ya ninka abin da suka yarda da shi sau da yawa, kuma yawancin muhawarar a kan saitin awon sawu take.

Abin da ke damuna a ajujuwanmu shi ne mun saba ba yaro maki idan lambarsa ta yi daidai da ta littafi. Sai ya koyi karkata awo zuwa amsar da ake so, wanda shi ne ainihin abin da masu rufe yankin bincike suke gudu. Ba mu da kiristal ko leza, amma wannan darasi ba ya bukatarsu. Nakan sa a sayo ƙanƙara, a farfasa ta cikin kwano da ɗan ruwa, a tsoma duk ma'aunan zafin da muke da su. Ya kamata su ce sifiri. Wani yakan ce ɗaya, wani ya sauka ƙasa da sifiri. Sai mu tafasa ruwa, nan kuma gardama ta tashi, domin har ma'aunin da ya ba da sifiri daidai ba ya kai 100. Wata ɗaliba ta taɓa cewa, "Malam, to duka sun lalace ke nan?" Na ce ta tuna Damagaram tana bisa teku da fiye da mita 400, iska ba ta danna ruwa kamar a bakin teku, don haka a nan yana tafasa da kusan digiri ɗaya da rabi ƙasa da 100. Ta yi shiru, sannan ta ce ashe dutsen kilon ma sai an san inda aka ajiye shi.

Muna manna ƴar takarda a jikin kowane ma'auni, mu rubuta gocewarsa da ranar da aka gwada shi. Na farko muna yinsa da sanyin hunturu. Idan zafin Afrilu ya shigo, ɗakin ya haura digiri 40, sai mu sake sayo ƙanƙara mu ga ko lambobin da ke kan takardun suna nan yadda muka bar su.